Gargaɗi ga jama'ar Tasawa da Mayahi: sanƙarau ba ya jiran gari ya waye

Iyayena da 'yan'uwana na Tasawa da Mayahi, daga Hawandawaki da Korgom har Kanambakashe da Gidan Amumun, ku saurara. Hunturu ya busa, ƙura ta tashi, hanci da maƙogwaro sun bushe. Daga yanzu har saukar ruwan farko, lokacin sanƙarau ne. Duk wanda zazzaɓi mai zafi ya rufe farat ɗaya, yaro ko babba, da ciwon kai kamar zai tsage, da amai, wuya ya ƙi lanƙwasuwa, a ɗauke shi a kai shi likita a cikin sa'ar nan, ko da tsakar dare ne.

Na san yadda abin ke tafiya a gidajenmu. Da la'asar yaro ya dawo daga kiwo yana cewa kansa na ciwo. Uwa ta taɓa goshi ta ji zafi, ta ce masassara ce, ta aika a sayo ƙwaya biyu wurin mai tebur. Bayan magariba ya amayar da furar da ya sha, ya juya fuska bango saboda hasken tocila na soka masa ido. Cikin dare ya fara sambatu, jiki na fizga. Kaka ta ce iska ce, a kawo garwashi da turare. Maigida ya ce a bari gari ya waye a ɗaura amalanke. Kowa a ɗakin nan son yaron yake yi, babu mai sakaci da gangan. Amma waɗannan sa'o'i da suka wuce tsakanin la'asar da asuba su ne ran yaron. Ƙwayar cutar ta shiga rigar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, tana haifar da mugunya a wurin da babu sarari, kuma tana iya kashe mutum cikin yini ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin mutum shida da suka kamu, ɗaya ke rasuwa, kuma ɗaya cikin biyar na tashi da naƙasa: kurumta, farfaɗiya, shanyewar gaɓa ko raunin fahimta.

Jariri kuwa ba lallai wuyansa ya sanƙare ba. Ku dubi maɗiga: in ta kumbura ta yi tauri, yana kuka mai tsini wanda lallashi ba ya tsayarwa, ya ƙi nono, ko jikinsa ya saki kamar tsumma, to a tashi. Haka in baƙaƙen ɗige-ɗige sun fito a fata.

A likita za a ce za a ɗebi ruwan baya. A nan ne iyaye da yawa ke ja da baya, wasu har su saɓi yaro su fice, wai allurar baya na gurgunta mutum. Ku bar ni in faɗa muku yadda take. Ana kwantar da yaro a gefe, a naɗe shi gwiwa ta taɓa haɓa, a wanke ƙasan baya, a sa siririyar allura tsakanin ƙasusuwa biyu, can ƙasa da inda laka ta ƙare. Ɗigo kaɗan ake tara a kwalba. Ruwan mai lafiya garai yake kamar ruwan sama. Na mai sanƙarau sau da yawa yakan fito gurɓatacce kamar ƙasari. Yaron da ya tashi gurgu bayan sanƙarau, cutar ce ta gurgunta shi saboda ta daɗe a jiki kafin magani ya iso. Ɗigon nan kuma shi ke nuna wace irin ƙwaya ce ta shigo gari. Masu bincike na cibiyar CERMES da ke Yamai, tare da cibiyar Pasteur ta Faransa, sun ƙirƙiro wani ɗan tsinken gwaji da ake tsomawa a ruwan bayan, cikin kamar minti goma sha biyar ya nuna nau'in cutar, ba tare da wuta ko firij ba. An wallafa sakamakon aikin a 2006. Sauran ruwan ana aika shi ɗakin gwaji a tabbatar. In kowane uba ya hana a ɗiba, hukuma ba ta da yadda za ta san allurar rigakafin da za ta nemo mana, domin ba kowace allura ke kare kowane nau'i ba.

Maganin ma bincike ne ya kawo shi, kuma a ƙasar nan aka yi wani sashe nasa. A 2003 an gwada allurar ceftriaxone a asibitoci tara na Nijar, a kan majinyata kimanin ɗari biyar, aka tarar tana aiki daidai da tsohuwar allurar mai ta chloramphenicol da aka daɗe ana dogaro da ita. Yanzu ita ce ake yi, kullum har kwana biyar aƙalla. Yaro zai buɗe ido a kwana na biyu ya nemi fura, sai uba ya ce an samu sauƙi, a koma gida, ga dabbobi ba mai dubawa. Don Allah kada ku yi haka. Ƙwayar cutar ba ta gama mutuwa ba. Ku zauna har majo, wato shugaban likitar, ya sallame ku da bakinsa.

Akwai wani bincike da aka yi kusa da mu da nake so kowa ya sani, domin rabin labarinsa na iya cutarwa. A 2017, lokacin da sanƙarau ya ɓarke a gundumar Madarumfa, cibiyar Epicentre ta ƙungiyar likitocin na-gari-na-kowa, tare da ma'aikatar lafiya, sun raba ƙauyuka 49 gida uku. A wasu an yi abin da aka saba. A wasu an ba mutanen gidan majinyaci kaɗai maganin ciprofloxacin sau ɗaya. A sauran an ba gari kacokan, cikin kwana uku da samun labarin mai cutar. Inda aka ba gari gaba ɗaya, yawan masu kamuwa ya ragu da kusan kashi 60 cikin 100. Inda aka ba gida ɗaya tak, ba a ga wani bambanci na kirki ba. Saboda haka wanda ya ji wannan labari ya je kasuwa ya sayo kwalin cipro ya raba wa iyalinsa bai kare kowa ba. Kuma binciken ya gano wani abu mai tayar da hankali: fiye da tara cikin goma na waɗanda aka duba bayan gidansu suna ɗauke da ƙwayoyin hanji da maganin ya riga ya daina kashewa. Shan magani barkatai na cikin abin da ke jawo haka. Rabon irin wannan magani aikin ma'aikatan lafiya ne, da awo, da lokaci, da lissafin gari.

Wasu za su ce ai an yi musu allurar sanƙarau, ga kati. Ku dubi katin da kyau. Allurar MenAfriVac da aka fara a Nijar da Mali da Burkina Faso a Disamban 2010 ta yi aiki babba, ta kusan shafe nau'in A wanda ya kashe mutum sama da 25,000 a Afirka a annobar 1996 zuwa 1997. Amma nau'in A kaɗai take karewa. Nau'in C ya ɓullo a Sakkwato a 2013 da Kabbi a 2014, ya shigo Nijar a 2015 ya kama sama da mutum 8,000, fiye da 500 suka rasu. Daga Nuwamban 2022 zuwa ƙarshen Janairun 2023 an ƙirga mutum 559 a jihar Damagaram, 18 suka rasu, galibi nau'in C ne. Damagaram kuwa maƙwabciyar Tasawa ce, hanya ɗaya, kasuwa ɗaya, motocinmu na kai da kawowa kullum. Yanzu akwai sabuwar allura, Men5CV, wadda ke kare nau'i biyar: A, C, W, Y da X. An gwada ta a Mali da Gambiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a Yulin 2023, Najeriya ta fara amfani da ita a Maris na 2024, Nijar ta biyo baya a shekarar. Ranar da aka yi shelar ta iso garinku, ku fito da kowa, har wanda aka yi wa tsohuwar. Ko da an yi ta, alamun da na faɗa in sun bayyana a tafi likita, domin akwai wasu ƙwayoyin da ke kawo sanƙarau waɗanda ba ta shafa ba.

Ku yi hattara da allurar jabu. A 1995 an yi wa dubban mutane a ƙasar nan allurar sanƙarau da ba ta da komai a ciki, suka koma gida suna zaton sun tsira. A 2015 da 2017 da 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake fitar da sanarwa kan jabun allurar sanƙarau da aka kama a Nijar, cikin kwali mai kama da na gaskiya. Duk wanda ya zo da jaka a kan babur ya ce yana da allurar sanƙarau ta sayarwa, kada ku miƙa masa hannun ɗanku, ku sanar da maigari da majo.

Na san dalilin da ya sa wasu ke tsoron duk abin da aka kira gwaji, kuma tsoron na da tushe. A Kano a 1996, ana tsakiyar annoba, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara 200 suka shiga, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ne ba. Sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Saboda haka ku san haƙƙinku. Masu bincike na gaskiya suna zuwa ta hannun hukumar lafiya ta gunduma da sarakuna, suna yi muku bayani da Hausa, ba su karɓar ko dala, kuma in kun ce a'a dole a yi wa ɗanku magani kamar kowa. Ku tambaya har ku gamsu kafin ku dangwala hannu.

Masu gari, limamai da malaman makarantun allo, nauyi na kanku. Cutar na bin numfashi da tari, ta fi yaɗuwa inda ake kwana a cunkushe, kamar zauren almajirai da ɗakin 'yan cirani. In mutum biyu sun kwanta da irin wannan ciwo a mako ɗaya, ku aika wa majo a ranar, domin da ƙirgar mako-mako ake sanin annoba ta fara. Tun yau ku san wane mai babur ko mai mota za a tasa cikin dare, ku ajiye kuɗin mai a hannun amintacce. Wanzamai da masu tofi, in an kawo muku mai sanƙararren wuya ku ce a wuce likita, addu'a ta bi shi a hanya.

In an sallamo yaro, uwa ta tsaya bayansa inda ba ya ganinta ta kira sunansa a hankali, ta tafa hannu ta dama, ta tafa ta hagu. In bai waiwayo ba, a koma da shi likita cikin makon nan a duba kunnensa.