Yadda A Ke Gane Dafin Gyaɗa

Manoman Ruwan Bore da Gusau da Tsafe da Bungudu, ku saurara. Akwai wata irin fumfuna da ta kan kama gyaɗa da masara, tun ba in fari ya taɓa su a gona ba, ko kuwa an adana su da sauran danshi. Ita ke haifar da dafin nan da a ke kira afalatoksin. Ba ya ɗaci, ba ya wari, suya kuma ba ta kashe shi, har cikin ƙuli-ƙuli ya kan bi. Yana lalata hanta, har ya kai ga ciwon daji.

A 1960 aka farga da shi, sa'ad da talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila don cin tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Barazil.

To, yaya a ke gane abin da ido ba ya gani? Dabarar ta samo asali ne daga wani masanin tsirrai na Rasha, Mikhail Tsvet. A 1903 ya zuba ruwan ganye cikin bututun gilashi da ya cika da garin alli, sai launuka suka rabu hawa-hawa. Kamar mutane ne su ratsa kasuwa tare: mai abokai a kowace rumfa ya kan makara, baƙo kuwa ya wuce abinsa.

Yanzu a maimakon alli, a kan cika bututun da ƙananan ƙwayoyi masu kama da ƙaro, waɗanda aka liƙa wa wani sinadari da ba ya riƙe kome sai dafin nan. A kan niƙa gyaɗar, a jiƙa ta cikin ruwan magani, a tace, a zuba. Sauran tarkace duk su wuce, dafin ya maƙale. Sa'an nan a wanko shi, a tura shi cikin na'ura ta rarrabe irinsa, ta auna yawansa. Ƙasashen Tarayyar Turai ba su karɓar gyaɗar ci in dafin ya wuce kashi 4 cikin miliyan dubu. Kun ga ke nan ƴan ƙwayoyi ruɓaɓɓu sun isa su jawo a ƙi kaya masu yawa.

Saboda haka ku cire gyaɗa da zarar ta nuna. Ku shanya ta bisa tabarma, ba a ƙasa ba, har ta yi ƙara in an girgiza. Ku tsince ruɓaɓɓu da motsattsu, kada a ba yara ko kaji. A ɗora buhuna bisa itace. Akwai kuma Aflasafe, wanda cibiyar IITA ta Ibadan ta ƙago, a kan watsa kilo 10 a hekta guda. Ku tambayi malamin gona lokacin watsawa.

Rigakafi dai ya fi magani.