Bazara Da Kwaɓin Mit-fai: Asuba Ce Lokacinsa

A Garagumsa, watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, alhali bota na narkewa tun wajen digiri 35. Shi ya sa mit-fai ɗin da ake kaiwa tashar Takeita kan fito da tauri, fasinja ya taɓa ya ajiye, jari ya kwanta.

Laushin ɓawon daga gutsattsarin botar da ba ta narke ba kafin gashi yake zuwa. Don haka mu kwaɓa fulawarmu da asuba, da ruwan randa mai sanyi, banda yawan murza. Mu rufe kwanon da jiƙaƙƙen ƙyalle, mu jingina shi da randa rabin awa. In hantsi ya riga mu, gara mu bari sai gobe da mu yi asarar fulawa da nama.