Mene Ne Ma'aunin Ɗaukakar Zuriya?

Abin da masana ke nufi da wannan kalma shi ne a gwada matsayin ɗa da na mahaifinsa, a ilmi ko dukiya, domin a gane ko asali ne ke yanke wa mutum rabonsa. Da yake talaka, irin manomin gero na Gwiwa ko Roni, ba ya rubuta abin da ya samu, Bankin Duniya a rahotonsa na 2018 ya dogara da zurfin karatu. Idan wanda ya shiga firamare a Babura a shirin ilmin bai-ɗaya na 1976 ya ga 'yarsa ta kammala kwalejin Hussaini Adamu ta Kazaure, zuriyarsa ta ɗaukaka. Amma 'yar makwabcinsa mai tallar goro, wadda ba ta je makaranta ba, ita ma wajibi ne hukuma ta sa ta cikin lissafi.