Ƙaramin Yatsa da Hikimar Aron Agara

Duk wanda ya san Aliero ya san ta da albasa da kuma masu ɗori, waɗanda ake kawo musu masu karaya daga Jega da Maiyama, har ma daga garuruwa masu nisa. Sai dai akwai wata lalura ta hannu wadda ɗori ba ya kai gare ta, domin ba a ƙashi take ba, a jijiya take.

Cikin hikimar da Allah Ya tsara hannun ɗan Adam da ita, yatsu ba su da tsokar da ke motsa su a jikinsu. Manyan tsokoki suna tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, ƙananan kuma suna cikin tafi, sannan agara ce ke sadar da ƙarfinsu zuwa gaɓoɓin yatsu, tamkar yadda linzami ke isar da nufin mahayi ga doki. Waɗannan ƙananan tsokoki, galibinsu suna karɓar umarni ne daga jijiya guda, wadda ke bi ta bayan gwiwar hannu, ita ce wadda in an buge ta mutum kan ji tsarr har ƙaramin yatsa. Idan ta mutu, ko ta sababin kuturta, ko saran lauje, ko tsohuwar karayar gwiwar hannu da ta haɗe a karkace, sai ƙaramin yatsa da na kusa da shi su ƙanƙance, tushensu ya ɗage baya, kawunansu su lanƙwashe, riƙon ƙotar fartanya ya yi rauni, dashen albasa ya zama wahala ga mutumin da abincin iyalinsa ke kan fadama.

Likitan nan Paul Brand, wanda ya fara aiki a Vellore ta ƙasar Indiya a 1946, yana cikin waɗanda suka nuna cewa hannun mai kuturta yana gyaruwa da tiyata. Asalin dabarar kuwa aron agara ne. Kowane yatsa, ban da babban, yana da agara biyu masu lanƙwasa shi, alhali yana iya wadatuwa da guda. Saboda haka likita kan cire ɗaya daga yatsan tsakiya, ya tsaga ta gida huɗu, ya ɗaura kowane reshe ga yatsa ɗaya, ta yadda tsoka mai rai za ta ɗauki aikin wadda ta shanye. Bayan an cire filasta, wajen mako uku zuwa huɗu, sai babban aiki ya biyo baya, wato koya wa ƙwaƙwalwa cewa tsokar da ta saba da aiki kaza yanzu an ba ta wani, kuma wannan ba ya samuwa sai da haƙuri da nacin motsa yatsu a gaban masu gashin ƙashi.

Amma aikin yana da sharaɗi: gaɓoɓin yatsu su kasance ba su sandare ba, kuma aron agara yana maido da motsi ne kawai, ba ya maido da jin zafi ko taɓi. A nan ne jinkiri ke yin ɓarna. Maganin kuturta kyauta ne tun 1995, an kuma daɗe ana jinyarta a Amanawa kusa da Sakkwato, kuma jijiyar da ba ta wuce wata shida da fara rauni ba sau da yawa tana farfaɗowa da magani ba tare da wuƙa ba. A ganina wajibi ne ga masu ɗorin Aliero, da yake su jama'a suka amince wa, in sun ga ƙaramin yatsa ya dena ji ko ya fara lanƙwashewa, su tura mai shi asibiti ba tare da ɓata lokaci ba.