Hutun koyon rawar filamenko a Andalusiya: Shirin da ke gaban ayari kafin tashi

A ƙarshen watan Fabrairun kowace shekara, garin Jerez da ke kudancin ƙasar Sifaniya yakan cika da baƙi daga Japan da Amurka da sauran ƙasashen Turai, waɗanda ke zuwa domin bikin rawar filamenko da aka fara gudanarwa tun shekara ta 1997. Da yawa daga cikinsu koyon rawar ne ke kawo su. Da rana suna ɗakin darasi, da dare kuma su hallara a dandalin wasanni na Villamarta su ga yadda gwanaye ke taka abin da aka koya musu.

Wasu daga cikin baƙin a ƙungiyance suke zuwa, malama da ɗalibanta ko kuma abokai da suka haɗa kuɗi. Irin wannan hutu ya bambanta da yawon buɗe ido na yau da kullum, domin akan biya kuɗin darasi watanni kafin tafiya, kuma jikin matafiyi shi ne abin aikinsa. Biza ɗaya da ta makara, ko gwiwa ɗaya da ta ƙi, na iya wargaza shirin ayari baki ɗaya.

Mene ne filamenko?

Filamenko ya tsaya ne a kan abubuwa uku: waƙa, da kiɗan gita, da rawa, sannan tafi yana riƙe da su duka. Ya samu siffarsa ta yau a ƙarni na 19 a yankunan Sebiya da Jerez da Kadis, kuma 'yan ƙabilar Gitano, waɗanda kakanninsu suka shiga Sifaniya a ƙarni na 15, su ne suka fi kowa taka rawa wajen raya shi. A shekara ta 2010 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun gado na bil Adama.

Masana suna da saɓani game da gwargwadon tasirin da kiɗan Andalus na zamanin Musulmi ya yi a kansa, ganin cewa an shafe ɗaruruwan shekaru tsakanin faɗuwar Garanada a 1492 da bayyanar filamenko. Amma makaɗan kansu suna girmama wannan tarihi. Shahararren makaɗin gita Paco de Lucía, wanda ya rasu a 2014, ya raɗa wa faifansa na 1990 sunan Ziryab, makaɗin da ya isa birnin Kurɗuba daga gabas a shekara ta 822.

Abin da ya fi ba sabon shiga wuya shi ne ma'aunin kiɗan, wanda ake kira kompas. Manyan salo irin su soleá da alegrías da bulerías suna tafiya ne a kan zagaye mai bugu 12, inda ake ƙarfafa bugu na 3 da na 6 da na 8 da na 10 da na 12. Akwai kuma salon tangos mai bugu 4, wanda ya fi sauƙin kamawa, shi ya sa akan fara da shi. Wanda bai saba kunnensa da wannan lissafi tun daga gida ba, zai ɓata kwanakin farko yana ƙidaya da yatsu, alhali 'yan ajinsa sun yi nisa.

Zaɓen lokaci da matakin aji

Matakin farko ga kowane ayari shi ne daidaita baki a kan lokacin tafiya, domin kowane lokaci da irin nasa. Bikin Jerez yana ɗaukar kimanin mako biyu, kuma ya fi mayar da hankali ga rawa da darussa. Birnin Sebiya, wanda Larabawa ke kira Ishbiliya, yana da babban bikin filamenko da aka fara a 1980, ana yin sa sau ɗaya a shekara biyu a wajen watan Satumba. Kazalika akwai bikin bazara na birnin, wanda yakan zo mako biyu bayan Ista, inda ake raye-rayen sebiyanas. A wannan mako kuɗin masauki yakan yi tashin gwauron zabo. A watannin Yuli da Agusta kuwa zafi yakan haura digiri 40 a Sebiya da Kurɗuba, abin da ke sa darasin rana ya zama jidali.

Ga Musulmi akwai ƙarin lissafi. Watan azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 a kowace shekara, kuma a 2026 ya kama ne daga bayan tsakiyar Fabrairu zuwa bayan tsakiyar Maris, watau daidai lokacin bikin Jerez. A 2027 ma lokutan biyu za su haɗu. Ayarin da ke da masu azumi yana bukatar duba kalandar Hijira kafin ya biya ko sisin kwabo.

Daga nan sai batun matakin aji. Ana kasa darussan ne daga na sabbin shiga zuwa na ƙwararru, kuma guraben fitattun malamai sukan cika jim kaɗan bayan buɗe rajista. A nan ne son tafiya tare kan jawo matsala, inda wanda bai kai ba zai shiga ajin abokansa don gudun kaɗaici. Malamin ba zai tsaya jiransa ba, kuma galibi da harshen Sifaniyanci ake koyarwa. Da muguwar rawa, in ji Hausawa, gara ƙin tashi. Mafita ita ce kowa ya shiga ajin da ya dace da shi, a haɗu da yamma a yi bita tare.

Biza da inshora

'Yan Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi duk suna bukatar bizar Shengen kafin shiga Sifaniya. Ko da an yi tafiya a ƙungiyance, kowane mutum takardunsa daban ake dubawa, kuma wanda ba a taɓa ɗaukar hoton yatsunsa ba tilas ya je da kansa. Tun watan Yunin 2024 kuɗin bizar ya zama yuro 90 ga babba, kuma ba a mayar da shi idan an hana.

Ana iya miƙa takardu tun watanni shida kafin tafiya, amma kada ya gaza kwana 15. A ƙa'ida akan yanke hukunci cikin kwana 15, sai dai wa'adin yana iya kai wa kwana 45. Dole ne fasfo ya kasance an bayar da shi cikin shekaru 10 da suka wuce, kuma yana da sauran aƙalla watanni uku bayan ranar fita daga yankin. Idan tafiyar ta haɗa da wata ƙasar Shengen, ana nema ne a ofishin jakadancin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta.

Hana biza ba baƙon abu ba ne. Alƙaluman Hukumar Tarayyar Turai sun nuna cewa a 2024 an yi watsi da sama da kashi 40 cikin 100 na takardun da aka miƙa daga Najeriya. Ta la'akari da haka, takardar shaidar rajista daga makarantar rawa, da ta masauki, da bayanin asusun banki, da shaidar aiki ko sana'ar da za ta dawo da mutum gida, suna da matuƙar muhimmanci. Haka kuma ya kamata a san tun farko ko makarantar tana mayar da kuɗin wanda bai samu biza ba, kuma a samu amsar a rubuce.

Sharaɗin biza ne mutum ya mallaki inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Amma wannan inshora jinyar gaggawa da mayar da majinyaci gida take ɗauka, ba ta biyan kuɗin darasin da aka rasa. Wajibi ne a karanta a ga ko ta haɗa da raunin da aka samu a wajen rawa ko motsa jiki. Bugu da ƙari, tun ranar 12 ga Oktoban 2025 aka fara aiki da sabon tsarin kan iyaka, inda ake ɗaukar hoton fuska da na yatsun baƙi a tashar shiga.

Kuɗin ayari da alhakin madugu

Kowane ayari yana bukatar madugu, kuma galibin rigingimun irin wannan tafiya a kan kuɗi suke tashi. Masauki da hayar ɗakin darasi akan raba kuɗinsu ne bisa yawan mutane, saboda haka idan mutum biyu suka janye, nauyin zai koma kan waɗanda suka rage. Dalili ke nan da ya sa ake bukatar yarjejeniya a rubuce, wadda ta fayyace ranakun biya, da abin da mai janyewa zai yi asara, da kuma wanda zai ɗauki giɓin idan darajar kuɗin gida ta faɗi a kan yuro.

Sayen tafiyar a dunƙule daga kamfanin da ke ƙarƙashin dokar Tarayyar Turai ta 2015 yana da fa'ida. Dokar ta tilasta wa kamfani tanadin kariya ga kuɗin matafiya idan ya karye. Ta kuma ce idan zai soke tafiyar da ta wuce kwana shida saboda ƙarancin mutane, sai ya sanar aƙalla kwana 20 kafin tashi, ya kuma mayar da kuɗi. Ayarin da ya sayi tikitin jirgi daban, masauki daban, darasi daban, ba shi da wannan kariya.

Shirya jiki da kaya

Rawar filamenko dukan ƙasa ce da ƙafa. Takalminta na fata ne mai ƙarfi, an jera masa ƙananan ƙusoshi a baki da dunduniya domin ya ba da sauti. Sabon takalmi yana kawo bororo, don haka ya kamata a saya da wuri a riƙa sa shi har ya saki. Ana yin atisaye ne a kan katako, saboda daɓen siminti yana mayar da ƙarfin dukan ga gwiwa da ƙashin baya. Wanda ya saba da darasi ɗaya a mako, sai ya ƙara sannu a hankali na tsawon makonni kafin ya fuskanci sa'o'i biyu ko fiye a kullum. Mai hawan jini ko ciwon gaɓoɓi kuwa sai ya ga likita tukuna. Takalmin kuma a jakar hannu ake ajiye shi, domin akwati yana iya makara.

Abinci, salla da kunya

Naman alade yana da babban matsayi a girkin Andalusiya, kuma ba kullum ake ganinsa da ido ba. Akan sa ƙashinsa a romo, a kuma sa kitsensa a wasu kayan zaƙi irin su mantecados. Soyayyen kifi da aka san yankin Kadis da shi, da kayan lambu, da mahautan halal na 'yan Maroko, suna sauƙaƙa lamarin, musamman idan ayari ya kama gida mai madafa. Jerez gari ne da ya yi suna da giyar inabi, kuma a gidajen kallon rawa tikiti yakan haɗa da abin sha, amma ana iya neman ruwan 'ya'yan itace.

Akwai masallatai a manyan biranen yankin, ciki har da babban masallacin Garanada da aka buɗe a 2003 a unguwar Albaisin. Tsohon masallacin Kurɗuba kuwa, wanda Abdurrahman na Ɗaya ya fara ginawa a ƙarni na 8, an mayar da shi majami'a tun 1236, kuma ba a yarda a yi salla a ciki ba. Mai son ziyartar fadar Alhamra sai ya sayi tikiti da wuri, domin da sunansa ake bayarwa kuma ana neman fasfo a ƙofa.

Malaman Musulunci suna da saɓani a kan kiɗa da rawa, kuma kowa da inda ya kafa iyakarsa. Abin da ya dace a sani shi ne, a darasin filamenko kowa shi kaɗai yake rawa yana fuskantar madubi, tufafin mata kuma dogaye ne. Sai dai azuzuwan a haɗe suke maza da mata, ko da yake mata sun fi yawa. Ayarin da ke son ajin mata zalla yana iya ɗaukar malama da ɗaki na kansa, amma sai an shirya hakan tun daga gida.

A Jerez akan rufe taro ne da salon bulerías. Jama'a su yi da'ira suna tafi, mai waƙa ya ɗauka, sai mutum ɗaya ya shiga tsakiya ya taka na ɗan lokaci, ya fita daidai inda waƙar ta sauka. Yara da tsofaffi duk suna shiga, kuma ba a neman gwaninta daga baƙo. Abin da ake dubawa kawai shi ne ko ya riƙe lissafin bugun nan 12, kuma wannan tun a gida ake koyonsa, watanni kafin a ɗaure kaya.