Neolamprologus multifasciatus

Neolamprologus multifasciatus ƙaramin kifi ne dangin karfasa, asalinsa daga Tafkin Tanganyika a gabashin Afirka. Namiji ba ya wuce santimita 5, mace kuwa kusan rabin haka. Cikin ɓawon katantanwa yake zama, a nan mace take zuba ƙwai har su ƙyanƙyashe.

Masu kiwonsa a akwatin gilashi kan shimfiɗa yashi mai laushi, su zuba ɓawo biyu ko uku ga kowane kifi, domin ƙarancin ɓawo ke haddasa faɗa. Ba a haɗa shi da manyan kifaye, don sukan cinye 'ya'yan. Yana son ruwa mai ɗumin digiri 24 zuwa 27, abin da ke wuyar samu a Kano lokacin bazara sai an sanyaya ɗakin.