Kyauta da amana: halayen jarumi a waƙoƙin Ingilishi na dauri

1. Gabatarwa

A wannan ɗan nazari za mu duba halayen da mawaƙan Ingila na zamanin Angilo-Sakson suke yabo ga jarumi. Mun dogara ga waƙoƙi biyu. Ta farko ita ce Beowulf, mai layi 3182, wadda ta iso mana cikin kundi guda tak da aka rubuta wajen shekara ta 1000. Ta biyu ita ce waƙar yaƙin Maldon, wanda aka gwabza a shekara ta 991. Abin da muke son nunawa shi ne, jarumtaka a nan alƙawari ce tsakanin ubangida da barorinsa, ba ƙarfin damtse kawai ba.

2. Haƙƙin ubangida

Ana auna sarki da buɗin hannunsa. Hrothgar, sarkin mutanen Danmak, ya gina babban zaure mai suna Heorot, inda yake raba wa mayaƙansa zobba da makamai. Da Beowulf ya kashe dodon nan Grendel, wanda ya shekara 12 yana ɓarna a zauren, sai sarki ya ba shi takobi da sulke da kwalkwali da dawaki takwas a bainar jama'a. Mawaƙin ya kuma kawo labarin Heremod, sarki marowaci mai kashe abokan cin abincinsa, don ya zama ishara.

3. Haƙƙin bara

Wanda ya karɓi kyauta ya ɗauki bashin da ake biya a fagen fama. Bayan Beowulf ya yi sarauta shekara 50, ya fita yaƙar wani maciji mai aman wuta tare da zaɓaɓɓun mayaƙa 11. Goma suka ruga daji, Wiglaf kaɗai ya tsaya. Bayan rasuwar sarki, Wiglaf ya shaida wa maguda cewa su da danginsu za su rasa gado da mutunci. Haka ma a Maldon: da aka kashe Byrhtnoth, shugaban rundunar Essex, Godric ya haye dokin ubangidansa ya tsere, wasu kuwa suka zaɓi mutuwa kusa da gawarsa.

4. Iyakar jarumtaka

Sai dai waƙoƙin ba su ɓoye illar wuce gona da iri ba. Byrhtnoth ya bar ƴan Bikin, wato maharan teku daga arewacin Turai, suka ƙetare mashigin ruwan da mutanensa suka tare. Mawaƙin ya kira wannan hali ofermod. A 1953 Tolkien ya fassara kalmar da girman kai, wasu masana kuma suna ganin tsananin ƙarfin zuciya take nufi. Ko ma wace ce, an ci Ingilawa da yaƙi, kuma a shekarar aka biya maharan fam 10,000 don su janye. Mutuwar Beowulf ita ma ta bar jama'arsa cikin fargabar harin maƙwabta.

5. Kammalawa

Mun ga ke nan bara yana da iko ya sayar da ransa, domin nasa ne. Shugaba kuwa rayukan jama'a ne a hannunsa, don haka ana bukatar ya haɗa ƙarfin zuciya da hangen nesa.